Kazar Ɗorin Yayana

Shekarar da aka ce ƙwallo ta zama aikin albashi a ƙasar nan, kamar malanta ko aikin ɗan sanda, mutanen Dangora suka samu abin yi. Yayana ne ya jawo musu. Shi ne ɗan fari a gidanmu, ni ce ke bi masa. Tun yana makarantar kwana wani kulob na wani kamfani, a wani birni da ke kudu da mu, ya ɗauke shi, kuma a wannan shekarar kulob ɗin yana cikin manya, masu buga gasar ƙasa baki ɗaya a rukuni na ɗaya. Lamba biyar yake sawa, a baya yake tsayawa. Abin da na gane da aikin nasa shi ne, duk ƙaton da ya kwaso da gudu zai ci su, Yaya ne zai tare shi da ƙafa.

Da can Baba ba ya son a yi masa zancen. Cewa yake ina dalili mutum da gemunsa ya riƙa bin tamola da ɗan gajeren wando, ga gona tana neman hannu. Amma da aka fara faɗar sunan ɗansa a rediyo, har a haɗa da sunan garinmu, sai ga mutanen da a da sallama kawai ke haɗa su suna tsallako titi su gaishe shi, su tambayi lafiyar "ɗanmu". Baba bai taɓa cewa ya sauya ra'ayi ba. Batir dai ya fara saya duk ranar kasuwa.

Ranar wasa, ana idar da la'asar maza za su taru a mararraba wajen mai shayi, a ɗora rediyo a kan benci. Tsofaffin da ko ƙofar filin wasa ba su taɓa gani ba su ne kan gaba wajen gyara wa koci aikinsa. Mu mata sai dai mu kasa kunne daga cikin gida mu auna: in ihu ya tashi mun ci, in shiru ya yi yawa an ci mu. Inna kuwa ba ta tambaya. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, "wancan" take ce masa, ko "yaron nan". In aka shigo da labarin an yi nasara sai ta ce to sai me, ta ci gaba da tankaɗenta. Amma na lura ranar wasa ba ta cin abincin kirki.

Gasar ba ta zo musu da kyau ba. An fara da zafin bazara, suka ɗan taɓuka a gida, in sun fita waje kuwa sai duka. Da Yaya ya zo hutun sallah ya ba mu labari: a wuni a kwana a mota, ƙafa ta kumbura, a sauka a garin da ba ka jin yaren mutanensa, 'yan kallo su zagaye fili har bakin layi, alƙalin wasa kansa yana waige-waige yana neman ta inda zai gudu in an tashi. Ya ce a irin wannan fili in kun yi kunnen doki, ku gode wa Allah ku shige mota da sauri. Kafin damina ta yi nisa sun gangaro kusan ƙarshen jeri. Dokar kuwa ita ce, waɗanda suka ƙare a can ƙasa za a tura su rukuni na biyu, kuma an ce masu kamfanin sun rantse in haka ta faru sun zare hannunsu, kowa ya kama gabansa.

Ni a lokacin ina da nawa abin a gaba. An dawo da ni gida daga Kiru, gidan mijina, don haihuwar fari. Na haifi 'yata gero yana fitar da kai, na shiga wankan jego. Safe da yamma Inna ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta fyaɗa mini da ganyen darbejiya har sai na ji kamar fatata za ta saɓule, a ɗura mini kunun kanwa, a kwantar da ni a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Ba fita, ko zaure ba na leƙawa sai na yi arba'in.

Ba a daɗe da suna ba, wata ranar wasa, shirun mararraba ya yi yawa. Sai ga Baba ya shigo ba sallama, abin da ban taɓa gani ba. Ya tsaya a tsakar gida da rediyonsa a hannu, ya ce an karya yaron nan.

Washegari ya tafi, shi da biyu daga dattawan mararraba. Suka tarar da shi a asibiti an naɗe ƙafar dama da farar filasta tun daga cinya har yatsu. Ƙashin ƙauri ne ya karye. Likita ya ce watanni zai yi a haka, ƙwallo kuwa a manta da ita sai baɗi in Allah ya kai mu. Ba wanda maganar ta yi wa daɗi. Yaya yana ganin in ya kwanta har baɗi, kulob ɗin ma ba zai tarar ba balle rigarsa. Dattawan suna ganin asibiti ba su san ƙashi ba, daga filasta sai yanka. Sannan wani mutumin kulob, mai kula da 'yan wasa, ya ja Baba gefe ya ce ya ji labarin a wajenmu akwai masu ɗori da ke tayar da mutum cikin 'yan makonni, in har yaron zai samu wasannin ƙarshe to don Allah a taimaka. Haka aka fito da shi. A tsakar gidanmu kafinta ya tsaga filastar da ƙaramin zarto.

Maɗorin Bafulatani ne, tsoho, rugarsu na can wajen Doguwa a bakin daji. Ba zan ɗauki alhakinsa ba, ya iya aikinsa. A gida ya gada, kuma duk yankinmu, daga wanda ya faɗo daga kan ɗorawa zuwa wanda sa ya tattake, har masu haƙar kuza na Riruwai da rami ya rufta wa, shi ake ɗaukowa. Ta labule na leƙa na ga yadda ya yi. Aka danne Yaya, ya ja ƙafar, ya shafa man shanu da magani yana tofi, ya naɗa karan dawa da aka saƙa kamar ƙaramin asabari, ya ɗaure. Yaya bai yi kuka ba, tabarmar da yake kai dai ya yaga da hannu.

Sai tsohon ya ce a kawo kaza.

Haka ɗorin gidansu yake. A samo budurwar kaza, ya karya mata ƙafa a ɓangaren da mutum ya karye, ya ɗora ta da maganin da ya ɗora mutumin. Tare za su yi jinya. Ranar da kazar ta taka, har ta yi tono da ƙafar da aka karya, to ƙashin mutum ma ya kama, sai a aika masa ya zo ya kwance. Aka kamo wata wake-wake daga cikin kajin Inna. Ƙarar da ƙafarta ta yi ba ta fi ta kara in an taka shi ba, amma sai da na ji ta har cikin marata. Ya ɗaure mata 'yan tsinkaye da zare, ya tambayi wanda zai kula da ita. Kowa yana da gona, ni ce a zaune. Aka miƙo mini ita ta labule.

Ɗakin Yaya yana kallon nawa. Muka zama mu biyu 'yan zaman gida, ni da jaririya da kaza, shi da ƙafa da ƙaramin rediyonsa. Da safe in an gama gasa ni da ruwan zafi, sai in ji ya ƙwala, "Mai jego, ina mutuniyata?" In ce tana gaishe shi, ta ce ita me ta yi wa ƙwallo da za a karya ta. Ya yi dariya har ƙafar ta motsa, dariyar ta koma nishi.

Gari kuwa ya ɗauki kazar nan ya ɗora a ka. Matan da ke shigowa barka da dubiya su ce ya mai jiki, ya jaririya, ya kaza, kuma wallahi wasu da kazar suke farawa. Daga zaure a aiko a ji ko ta motsa. Wani ya kawo mata tsaki, wani ya ce a riƙa ba ta gara don ƙashi ya yi saurin haɗewa. Ni da na haifi mutum ban samu wannan gata ba. Duk ranar wasa kuma Yaya ya kwanta da rediyo a kan ƙirji, yana jin wanda aka sa a gurbinsa yana ɓarna, yana tsaki yana dukan tabarma. In an tashi an ci su, ba mai iya yi masa magana har washegari. Mutumin kulob ɗin nan ya zo sau ɗaya da ledar lemo. Bai ce a buɗe ƙafa ya gani ba, abin da ya tambaya shi ne yaushe.

Ni kuwa ina ganin ƙafar, duk sanda Inna ta aike ni da man shafawa. Ta rame, ta zama kamar ba tasa ba. In zai juya kwanciya sai ya sa hannu biyu ya ɗauke ta, gumi yana tsattsafo masa a hanci.

Wata safiya na fito daga wanka na shiga ɗaki, sai na tarar da kazar a tsaye kan ƙafa biyu tana tsince-tsince. Na tsaya da zane a ƙirji ina kallonta. Ta taka, ta ƙara takawa, sannan ta miƙa ƙafar da aka ɗaure ta yi tono a daɓen ɗakin. A safiyar nan ne na ga Yaya ya cije leɓe don kawai an gyara masa matashi.

Na zauna a bakin gado na yi lissafin da nake ganin ko yaro zai iya yi. Kaza guda nawa take? Ƙashinta kamar tsinke, abin da zai ɗauka bai kai kwanon dawa ba. Manomin da aka kwance wa ɗori kuwa sanda yake riƙewa, ya hau jaki, ya yi wata da watanni yana lallaɓawa, ba mai harbinsa a ƙauri. Shi Yaya wurin da zai koma, ƙatti ne da takalma masu ƙusa a ƙasa, kuma duk sun ji a rediyo wace ƙafa ce ta karye. Na kuma san halinsa tun muna yara. Ranar da aka kwance karan nan, ko igiya aka sa masa ba zai zauna ba.

Sai na kama ta na ƙara ɗaure tsinkayen, na kife ta da kwando a lungun bayan gadona, na ɗora dutse, na yafa tsohon zane. Da ya ƙwala tambayar mutuniyarsa na ce tana nan dai, da saura. Haka na ci gaba da cewa kullum. In ya ce in rantse, in ce ai mai jego ba ta rantsuwa, dokar da ni na ƙirƙiro ta kuma ba wanda ya musa mini. In ya ce in kawo ta ya gani, in rungumo ta a hammata in nuna masa kai daga bakin ƙofa. Ƙarya ce na yi ta zubawa, kuma ko yau aka dawo da ni zan sake.

Ban daɗe ina yi ba na ɗaga kwandon wata rana na tarar da sabon ruwa a kasko da tsakin da ba ni na zuba ba, an kuma share kashin. Ba mai shiga ɗakin nan safe da yamma sai Inna. Duk wanda ya ɗaga kwandon kuwa ya ga kazar a tsaye. Ba ta ce mini komai ba, ban ce mata ba. Sau ɗaya ne kawai, tana kwara mini ruwa a baya, ta ce in riƙa jawo ƙofar ɗakina saboda muzuru.

Gari ya fara ƙosawa. Wasu suka ce abokan hamayya ne suka yi wa kazar asiri, wasu suka ce tsohon ya tsufa, hannunsa ya mutu. Baba ya riƙa shigowa da fuska a murtuke. Wasanni suna ta ƙarewa, kulob ɗin yana nan a ƙasa. Ni abin da nake roƙo shi ne a yi ta cin su a gama, kowa ya huta.

Sai arba'in ɗina ya zo. Aka yi mini kitso da lalle, na sa sabon zane, kuma dole in fita yawon arba'in in kai jaririya ga dangi a Ba'awa, Inna ce mai raka ni. Al'ada kuma ranar ake fitar da tokar ɗakin jego a share shi tas. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta zo don wannan aikin. Na ja ta gefe na ce lungun bayan gado kada ta taɓa, kayan magani ne. Ban yi wayo ba. Ka ce wa Gwaggo kada ta taɓa abu, ai ka aike ta ne.

Da yamma muka dawo. Tun daga bakin hanya mutane ke yi mana barka, na ɗauka ta arba'in ce. Muna shiga na ga kazar a gindin rumbu, ta yi ƙiba saboda zama, tsinkayen sun kwance tana jan zaren, tana ta tono da ƙafar dama tana watsa ƙasa baya. Gwaggo muryarta har ta dushe don guɗa. Ta ce tana ɗaga kwando kazar ta fita da gudu ta fi duk kajin gidan, ashe ta warke ba a sani ba, kuma tuni an tashi mai babur zuwa Doguwa. Inna ta kwance mayafinta ta shige madafa.

Yaya yana zaune a bakin ƙofarsa, ƙafar a miƙe. Ya bari sai da mutane suka ragu sannan ya kira ni.

"Tun yaushe?"

Na ce tun tuni.

"Kin san wasa nawa aka ci mu ina kwance a nan?"

"Kaza ce ta warke, Yaya, ba kai ba. Ni ina ganin ƙafarka."

Ya ce ni na yi arba'in ɗina na fita na sha iska, shi ma nasa ya cika. Ya ce a makaranta bai tsinana komai ba, abu ɗaya Allah ya ba shi, kuma a ƙasar nan kaf mutum nawa ne ke sa rigar da yake sawa. In kulob ɗin ya faɗi, me zai dawo ya yi, garma? Na ce garmar ma da ƙafa biyu ake binta. Ya kalle ni kallon da bai taɓa yi mini ba, ya ja jiki ya shige ɗaki.

Washegari da hantsi maɗorin ya iso. Ya duba kazar, ya kwance karan, ya bi ƙaurin da babban yatsa yana dannawa, ya ce a miƙar da shi. Yaya ya miƙe ya tsaya, yana murmushi, gumin nan yana kan hancinsa. Tsohon ya ce alhamdulillahi, ƙashi ya kama. Ina bayan zana, na ji ba zan iya haɗiye maganar ba.

"Baffa, a gafarce ni. Ka tambaye su aikin da zai koma."

Tsohon ya tambaya, Baba ya ce ƙwallo ce. Sai ya yi dariya, ya ce ai su ma yaransu a ruga suna ƙulla tsumma su yi ta harbi a bayan shanu, ba komai, ya dai bi a hankali. Bawan Allah bai taɓa ganin takalmin ba, bai taɓa ganin mutanen ba. Na buɗe baki zan yi masa bayani, Baba ya daka mini tsawa, ya ce tun yaushe na fara sa baki a maganar maza, ba ta ishe ni ba ƙaryar da na yi wa gari guda.

Na juya na kalli Inna. Ita kaɗai ce in ta ce kada ya tafi, ba zai tafi ba. Amma ta yaya za ta tsaya gaban mijinta da ƙanwar mijinta da baƙo ta nuna damuwa a kan ɗan fari? Ta sunkuya tana hura wutar da take ci da kanta. Na ji haushinta a ranar, kuma har yau in na tuna ina jin haushin wannan kunya da aka ɗora wa iyayenmu mata.

Kazar hakkin maɗori ce, amma ya ce a bar ta a nan sai ya zo karɓar dawar ladansa da kaka. Yaya bai ƙara mako ba ya tafi. Yana ɗingishi kaɗan, sai ya mai da shi taƙama don kada a gane. Rabin gari ya raka shi mararraba. Kafin ya fita ya ajiye ƙaramin rediyonsa a bakin ƙofata, ya ce in riƙa jin sa. Allah ya kiyaye ɗin da na yi masa da ƙyar ta fito.

'Yan makonni ya yi yana atisaye yana zaman benci. Suka yi kunnen doki sau ɗaya, suka ci sau ɗaya, mararraba ta farfaɗo, har ana cewa ganinsa kawai ya dawo musu da sa'a. Sai wasan ƙarshe ya zo, a gidansu, kuma sai sun ci za su tsira.

Lokacin an fara cirar gyaɗa. Muna tsakar gida ni da Inna muna tsiga, 'yata a bayana. Na ɗora rediyon a kan turmi na kunna. Inna ba ta ce in kashe ba. Aka tafi hutun rabin lokaci ba wanda ya ci. Ana dawowa mai sharhi ya ce an yi canji, ya faɗi sunan Yaya, ya faɗi sunan garinmu, ihun mararraba ya iso har cikin gida. Ya tare mutum sau ɗaya, mai sharhi ya yaba. Ya ƙara tarewa. Na fara cewa a raina ko ni ce mai mugun baki. Sai aka bugo wata doguwar ƙwallo ta wajen Yaya, mai sharhi yana ta sauri, ga shi ga ɗan gabansu, ga shi ga ɗan gabansu, sai maganar ta yanke a tsakiya. Da ya dawo da salati ya dawo. Ya ce 'yan wasa sun ɗora hannu a ka, har wanda suka yi karon ya durƙusa yana kuka, an shigo da gadon ɗaukar marasa lafiya.

Daga nan ya ce an ci gaba da wasa. Wannan ne ban taɓa yafewa ba. Ya koma faɗar wa ya jefo, wa ya buga kwana, da murya irin ta ɗazu, ni kuma na kasa kashewa don ina jiran ya ƙara ambatonsa, bai ƙara ba. Inna tana ta tsigar reshe ɗaya da babu sauran gyaɗa a jikinsa. Aka tashi ba wanda ya ci, kulob ɗin ya faɗi.

Da Baba ya je ya tarar ofishin kulob a kulle, manyan sun watse, mutumin nan mai lemo ba a san inda ya shiga ba. An ajiye Yaya a wani ƙaramin asibiti an naɗe ƙafar, ana jiran wanda zai zo ya tsaya masa a yi aiki, kwanaki suna ta tafiya. Wurin da ya karye da farko nan ya sake karyewa, wannan karon ƙashin ya huda fata ya fito. Yaya da kansa ya ce a kai shi gida wajen Baffa, shi da ya tashe shi da farko zai sake tashinsa. A bayan a-kori-kura aka kawo shi, a kan buhuna. Warin ya riga shi shigowa gida. Dattawan mararraba suka tsaya a zaure, ba wanda ya iya ƙarasowa ciki.

Aka ɗauko maɗorin da sassafe. Baba, ba tare da ya kalle ni ba, ya ce in kawo kaza. Kaji sun fi goma a gidan, amma wake-waken nan na nufa. Sai da ta zagaya rumbu da ni kafin na damƙe ta. Na tsane ta a lokacin kamar mutum, kuma so nake in sake jin wannan ƙarar. Ban tsaya a bayan labule ba, na shiga ɗakin na tsaya da ita a hannu, ba wanda ya ce in fita.

Tsohon ya warware tsumman a hankali. Ya daɗe yana kallo. Yatsun sun yi baƙi. Ya zaro ƙaya daga hularsa ya soka a babban yatsa, Yaya yana kallon rufin ɗaki, bai ko ƙifta ba. Ya soka a tafin ƙafa. Sannan ya mayar da ƙayar, ya jawo zane ya lulluɓe ƙafar. Na miƙa masa kazar. Bai karɓa ba.

"Sake ta, 'yata. Kada mu ɗauki alhakinta a banza."

Yaya ya riga kowa ganewa. Ya yunƙura ya tashi a kan gwiwar hannu.

"Baffa, ka karya ta mana. Don Allah ka gwada."

Tsohon ya juya ga Baba ya ce a nemi mota yanzu, a kai shi asibitin ƙashi na birni, kada a jira azahar. Na sunkuya na ajiye kazar, ta karkaɗe jikinta ta fita.

Da aka ɗauko shi a tabarma za a bi da shi ta zaure, Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu. Gaban Baba, gaban Gwaggo, gaban dattawan da ke leƙe, ta kira sunansa, sunan yanka, da ƙarfi, har sau biyu. Ban taɓa jin sa a bakinta ba sai ranar. Masu ɗauke da shi suka tsaya suna jiran abin da za ta ce. Ba ta da abin cewa, suka wuce da shi.

Ƙasa da gwiwa suka yanke. Maɗorin bai zo karɓar dawarsa ba a kakar nan, bai kuma aiko a kai masa kazarsa ba. A mararraba aka yi 'yan kwanaki ana jajantawa, da gasar baɗi ta zo suka samu wani kulob ɗin suka koma bi.

Ranar da aka sallamo Yaya na zo daga Kiru don in tarbe shi. Ya shigo da sanduna biyu a hammata, wandon an naɗe shi an soke da fil. Ya ƙi a riƙe shi, ya lallaɓa har bakin ƙofar ɗakinsa ya zauna a inda ya saba. Muka tsaya kewaye da shi. Sai ga wake-waken nan ta taho da 'yan tsakinta a baya, ko alamar ɗingishi babu, ta tsaya a gabansa tana tono, daidai inda ƙafarsa ta dama ya kamata ta kasance. Gwaggo ta ɗauki tsintsiya za ta kore ta, ya ɗaga mata hannu.

Ya ce, "Mai jego, miƙo mini ɗan tsaki in zuba mata."